Famfon da Na Sa wa Jirgin Gwamnati

Ni ne na sa wa jirgin ruwan gwamnati kan famfo. Gara in faɗa da bakina tun daga farko, don a Ikara labarin ya riga ya yi rassa, har akwai masu rantsuwa cewa shawa na haɗa masa da wurin alwala. Ƙarya suke yi. Famfo ɗaya ne tak, kuma mai kyau ne, irin wanda muke sa wa tankunan masu hali.

Baba mai walda ne. Shagonmu yana bakin titi, tsakanin mai faci da mai shayi. Muna yin ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe da kurar 'yan garuwa, amma abin da aka san Baba da shi tankin ruwa ne. Daga Malikanchi har Gubuchi, in ka ga tanki a kan gini kuma ƙasansa a bushe, to daga hannunsa ya fito. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Yana faɗa wa duk wanda ya shigo shagon, har wanda cajin waya kawai ya kawo shi. Ni kuma tun ina firamare nake riƙe masa ƙarfe in an tashi daga makaranta, kuma zuwa bara hannuna ya faɗa sosai, har ya fara bar mini aiki sukutum.

Baba yana da doka. Duk wanda ya yi aiki, shi zai fara gwada shi a gaban mai kaya. In ka yi kujera ka zauna a kai, in ka yi tsani ka hau har ƙarshe, in gado ne ka yi tsalle a kansa. Na taɓa yin kejin kaji, sai da na shiga aka rufe, mai kejin ya girgiza ƙofar ya tabbatar ba zan iya fita ba, sannan ya ɗauka.

Ana tsakiyar damina wata motar ɗaukar kaya, kanta, ta tsaya a ƙofar shagon da wani dogon abu a bayanta, ya yi tsatsa har ya koma kalar kunun kanwa. Wani mutum mai kwat ya sauko daga gaba, daga wani ofishin gwamnati yake.

"Salamu alaikum. Malam, sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Shi ne ma ya kawo mu."

Ya yi bayani. Akwai wani ƙauye gaba da Furana wanda kogi ke raba shi da gonakinsa da hanyar kasuwa duk damina. Shekarun baya gwamnati ta ba su jirgin ƙarfe suna fito da shi, yanzu ƙasansa ya cinye, ruwa na shiga ta ko'ina, mutane sun koma zagaye mai nisa da kaya a ka. Ya ce sun fara kai shi wurin wani mai walda a Makarfi.

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya kewaya shi, ya ce ba aikinsa ba ne. Ya ce mu kawo wa mai tankin Ikara, tunda shi ya ce babu ƙarfen da ya taɓa gagararsa."

Na ga kunnen Baba ya motsa. Shi da mutumin Makarfin nan sun daɗe suna gaisawa da fara'a irin wadda ba ta kai ciki ba.

Mutumin ofis ya ce, "Malam, ka taɓa gyara jirgi kuwa?"

Baba ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa gefen da ɗan guduma, ya saurara kamar likita.

"Ranka ya daɗe, ai wannan tanki ne da ba shi da murfi. Bambancin kawai, shi ruwansa a waje yake. Ku sauke."

Ya kamata in faɗi matsayin gidanmu game da ruwa. Babu wanda ya iya iyo a zuriyarmu. Ruwa mafi zurfi da Baba ya taɓa shiga shi ne na bokitin wanka, shi ma daga waje yake tsayawa. Ni na taɓa faɗawa kwata a bayan makaranta, ruwan bai wuce gwiwa ba, amma sai da na yi kalmar shahada.

Muka ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyin mai faci da durom biyu. Baba yana fama da ciwon baya, ba ya iya kwanciya a ƙarƙashin abu, saboda haka muka raba aiki, shi gefe da gefe, ni ƙasa. Na yanke duk inda ya ruɓe, na gurza, na auna fallen ƙarfe sabo na liƙa. Na yi kwanaki a kwance rigingine tartsatsi na zubo mini a wuya, har Umma ta ce in na ci gaba haka ba sai an yi mini zanen riga ba, fatata ta riga ta yi ado.

Da muka gama sai gwaji. Mai tanki hanya ɗaya ya sani ta gane ɗiga, a cika abu da ruwa a zagaya da alli ana duba ƙasa. Baba ya aika aka kira 'yan garuwan unguwa gaba ɗaya. Suka yi layi da kurarsu suna juye jarka cikin jirgi, mutane suka taru suna kallo, wani tsoho mai wucewa a keke ya tsaya ya ce shi dai a saninsa jirgi ake sa wa cikin ruwa, amma zamani ya canja. Agwagwar mai shayi ta tsallaka ta shiga, ta yi zagaye biyu, ta zama fasinja ta farko.

Muka sami wuraren ɗiga, Baba ya zagaye su da alli. Sannan ya ce, "To, kwashe ruwan."

Na dubi jirgin, na dubi bokiti. Tanki in an gama gwada shi buɗe famfo ake yi a tafi shan shayi. Wannan ba shi da ko ƙofar da sauro zai bi, ban da wuraren ɗigar, su kuma ɗigo-ɗigo suke yi kamar masu jin kunya. Ga nauyi, ba ya karkatuwa. Haka na wuni ina kwasa ina watsawa a kwata, har hannuwana suka ƙara tsawo. Da yamma sai da Umma ta ba ni tuwo a baki, ko kuma dai saura kaɗan a kai ga haka.

Washegari Baba ya tafi ta'aziyya Kudan, ya ce in toshe wuraren da ya yi wa alli, in ya dawo a sake cikawa. Kalmar sake cikawa ɗin nan ce ta tsaya mini a rai, don duk abin da aka cika sai an kwashe. Ina kwance a ƙarƙashin jirgin sai tunani ya zo mini, mai tsabta, ba ko ƙura a jikinsa. Duk abin da ke riƙe ruwa yana buƙatar hanyar fitar da shi. Na nemi wuri mafi gangara, can baya ƙarƙashin bencin ƙarshe, na huda, na liƙa soket, wato mazaunin da ake murɗa famfo a ciki, na ɗauko kan famfo sabo a kwali na ɗaura daga waje, bakinsa na kallon ƙasa. Na buɗe na rufe. Yana juyawa kamar an shafa masa man shanu.

Da Baba ya dawo aka sake kiran 'yan garuwa. Wannan karon babu ɗigo ko ɗaya. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗauko bokitinka."

Na ce, "Baba, ɗan matsa baya kaɗan."

Na durƙusa na murɗa. Ruwa ya zubo shar, ya kama hanyar kwata da kansa. Baba ya sunkuya iya yadda bayansa ya yarda, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Kai, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ni ma tun da aka sauke shi nake jin akwai abin da ya rasa. A ce abu kamar wannan, in ruwan sama ya taru a ciki sai an sa kwano? Waɗanda suka ƙera shi sun yi gaggawa."

Mai faci ya zo ya gani ya ce wannan ai ci gaba ne. Mai shayi ya ba ni shayi da madara ba tare da na tambaya ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin titin. Muka shafe jirgin da jan fenti ciki da waje, har kan famfon, ya saje da jiki kamar da shi aka haife shi.

Ranar mayarwa Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Muka bi kantar har bakin kogin. Ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka a wuri ɗaya ba tare da an gina masa tanki ba. Ja ne, yana tafiya da ganyaye da karare, bai damu da kowa ba. Ƙauyen duk ya fito, mai unguwa da dattawa a kan tabarma, yara a kan bishiya, a ɗaya gaɓar ma mutane sun yi cincirindo. Can gefe kuma ga mutumin Makarfi zaune a kan babur ɗinsa. Ya ce hanya ce ta biyo da shi. Hanyar a bakin kogin ta ƙare.

"Sannu da ƙoƙari, mai tanki," in ji shi. "An sa murfin kuwa?"

"Sannu da hutawa," in ji Baba.

Na sayi gasasshiyar masara wurin wata yarinya don in ba bakina aiki. Samarin ƙauyen suka sauke jirgin, suka ja shi a ƙasa zuwa ruwa suna waƙa. Gangaren duk marmara ne. Ana cikin ja na ji wani ɗan ƙara daga baya, ƙwas. Na gaya wa kaina dutse ne ya fashe. Duwatsu suna fashewa, kowa ya sani.

Mutumin ofis ya ce mai fito ya shiga ya zagaya a gani. Mai fiton wani tsoho ne siriri mai doguwar gora, wanda ke tuƙa jirgin tun zuwansa ƙauyen. Baba ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a shagona wanda ya yi aiki shi ke fara gwadawa. Ni na yi gefe, yaron nan ya yi ƙasa. Mu biyu za mu shiga."

Na ce, "Baba, ai gefen ya fi yawa."

"Ruwa ƙasa yake fara taɓawa. Wuce."

Na cusa masarar a aljihu, ko rabi ban ci ba. Baba ya zauna a can gaba, ya ba mu baya, ya kama gefe da gefe da hannu biyu, ya miƙe wuya kamar wanda za a ɗauka hoton fasfo. Ni na zauna a bencin ƙarshe. Tsoho ya tsaya a bayana ya dafa gora, ƙasa ta sake mu, mutane suka yi kabbara.

Ba mu yi nisa ba na ji sanyi a ɗan yatsan ƙafata. Na leƙa ƙarƙashin benci. Ruwa ne ke tsartuwa sama ta cikin soket ɗin, tsaf, da kaurin babban yatsa, kamar an biya shi. Ta ramin babu alamar kan famfo. Na cire silifa na danna diddige a kai. Bakin waldar bai yi santsi ba, ruwan ya rabu biyu ya ci gaba da shigowa ta gefe.

Tsoho ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai daina tuƙi ba.

"Yaro, mene ne wannan?"

"Famfo ne, Baba tsoho."

"Na me?"

"Na fitar da ruwa."

"To ga shi yana shigo da shi."

"Kan ne ya karye."

Ya dafa gora ya tura, ya sake dafawa. "Na ga jirage masu huji da yawa. Wanda aka huda da gangan aka yi masa fenti, yau na fara gani. Bari in juya."

Na waiga. Mutumin Makarfi ya sauko daga babur ya zo har bakin ruwa, ya sa hannu ya kare rana don ya gani da kyau. In muka juya yanzu, a gaban mai unguwa da mutumin ofis da ƙauye biyu, to an dawo wa Baba da aiki ke nan, kuma da shi a ciki.

"Don girman Allah kar ka juya. Mutumin can kallo yake yi."

"Kogin nan bai san mutumin can ba. Kun iya ruwa?"

"A'a."

"Kai da shi?"

"Har kakanmu."

Ya yi tsaki. Ruwa ya rufe tafin ƙafata. Ya dube ni sama da ƙasa kamar mai neman abin da zai yi amfani a jikina, sai idonsa ya tsaya a aljihuna.

"Masara ce wannan? Da totuwa muke toshe jarka. Cinye ta. Maza."

Na zaro ta. Ban taɓa cin abinci da niyya mai tsarki irin ta ranar ba. Diddige a kan rami, hannu biyu a kan masara, ina bi layi-layi kamar injin casa. Ba na ko taunawa sosai, adanawa nake yi a kumatu. Daidai nan Baba ya samu ƙarfin halin juyo da wuyansa a karo na farko, ya gan ni.

"Kai dai ko a tsakiyar kogi cikinka ka sani."

Na ci gaba da casa, bakina a cike. Ya mayar da kansa gaba yana girgiza shi.

Na ɗaga diddige, ruwa ya yi tsalle ya gaishe ni a fuska, na cusa siririn bakin totuwar a soket, na murɗa, na taka da duk nauyin da Allah ya ba ni. Ta shiga. Tsartuwar ta koma ɗan gumi a gefe. Tsoho ya ce, "Kar ka ɗaga ƙafar nan ko da kunama ce ta hau."

Da muka doshi ɗaya gaɓar, gaban jirgin ya ɗan sunkuya, ruwan da ya riga ya shiga ya gangara gaba gaba ɗayansa ya sami takalman Baba na Juma'a. Bai juyo ba.

"Ruwan nan na ƙafata, daga ina yake?"

Tsoho ya duƙufa da kallon gorarsa.

Jirgi ya taɓa ƙasa, mutanen can suka yo kanmu da murna, mai buhu, mai akuya, wata mata da goyo da ƙullin kaya, wani har ya turo babur. Baba ya miƙe, ya tako cikin ruwan har inda nake, ya kama ƙafata ya ɗaga kamar mai duba kofaton doki. Ya ga totuwa. Ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ya yi wa famfon ranar farko.

"Ina kan?"

"Ina jin yana wancan ƙetaren, Baba."

Ya mayar da ƙafata inda take, ya danna da hannunsa. Sannan ya juya wurin mutanen ya ce su yi haƙuri, ba a gama gwaji ba, babu wanda zai shiga yau. Matar mai goyo ta ce ai ga shi kun ƙetaro lafiya. Baba ya ce, "Mu da aka biya mu shiga ke nan. Ke ba a biya ki ba."

Muka komo. A dawowar tsoho yana ɗan waƙa a hanci, ni kuma ƙafata ta mutu tun daga cinya.

A gaɓa aka tarbe mu da tafi. Mutumin ofis ya kama hannun Baba da hannu biyu yana cewa aiki ya yi kyau, a fara lodi. Mutumin Makarfi ya fara tura babur ɗinsa zai juya, fuskarsa kamar an ba shi magani mai ɗaci. Ni ina zaune a jirgi har yanzu, ina lissafin cewa in kowa ya watse za mu lallaɓo da injin mu gyara ba wanda ya sani. Sai wani ɗan yaro mara wando ya kutso tsakiyar manya, ya ɗaga wani jan abu sama.

"Wa ya yar da kan famfo?"

Ƙauyen ko famfo ɗaya babu. Baba zai iya yin shiru, kowa ya ɗauka daga kantar ya faɗo. Ya miƙa hannu ya karɓa, ya goge taɓon da gefen babbar rigarsa.

"Namu ne. A ƙasan jirgin muka sa shi, don fitar da ruwa. Yanzu totuwa ce a wurin. Ranka ya daɗe, kar a ɗauki ko kaza sai mun dawo gobe."

Mai unguwa ya ce, "Famfo? A jirgi?" Mutumin Makarfi ya jingine babur a hankali don kar ya faɗi, ya zauna a ƙasa, ya yi dariya har sai da wani ya kawo masa ruwa. Kafin mu isa gida labarin ya riga mu, mai shayi yana ganina ya ce in biya shi madararsa.

A mota Baba bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka iya cin masara." Daga baya, da muka kusa gari, ya ƙara da cewa in wani ya tambaya, aikin ba dawo da shi aka yi ba, mu ne za mu bi shi.

Washegari muka ɗora janareta da injin walda a a-kori-kura muka koma. Samari suka kife jirgin a gaɓa, na yanke soket ɗin, na liƙa faci ciki da waje, tsoho yana tsaye a kaina da gorarsa yana duba ko zan ƙara wani abu. Tunda ni na yi facin, ni kaɗai na shiga gwaji, Baba ya tsaya a tudu da takalmansa a bushe. Ruwa bai shiga ba. Da azahar aka fara lodi, matar nan mai goyo tana cikin zuwan farko. Jirgin ya yi ta fito da mutane da babura da buhuna har ƙarshen damina, da kogin ya janye aka ja shi gindin wata ɗorawa aka kife.